Sikana a Gurbin Bore? To, Ku Gama Dariyar Tukuna

Ku yi dariyarku ku more, ni ba sauri nake ba. Na san tun daga kan maganar wasunku suka riƙe ciki: wai mutum ya rasa abin da zai faɗa game da Gurbin Bore sai yadda ake saita direban sikana. Ba gero, ba wake, ba hanyar Jibiya, ba matsalar tsaron da ta hana kowa barci. Har ina jiyo dattijon bakin tasha ya gyara zaman hula yana cewa, "Kai yaro, mi a amfanin wanga abu ga talakka? Cin shi aka yi?" A'a Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ba a cinsa. Amma ranar da jikanka zai nemi gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda ke nan tun 1983, ko ya cika fom ɗin ɗaukar 'yan sanda, ko na soja, ko na shige da fice, ba za a ce ya kawo damin gero ba. Cewa za a yi ya ɗora takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da shaidar zama ɗan ƙaramar hukumar Zurmi, duk a intanet. Ranar kai da kanka za ka ciro kuɗin mota daga aljihun 'yar shara.

Ku kuma samari masu manyan wayoyi, na ga kuna ɗaga mini su sama. Na gani, Allah ya sa albarka. Ban ce waya ba ta aiki ba. Rasit ko katin gayyata, ƙyasta abinka ka tura. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, na sha ganin irin abin da kuke turawa da sunan takardar WAEC. Ga tabarma ta leƙo ta gefe, ga babban yatsa ya danne kusurwa, ga inuwar kan mai ɗauka ta rufe darasin lissafi, wanda wataƙila da gangan ne. Takardar ta faɗaɗa a ƙasa ta tsuke a sama, hatimin ya dushe, nauyin hoton kuma ya haura megabait huɗu alhali shafin da za a ɗora shi kilobait kaɗan yake karɓa. Idan aka dawo da shi sai ku ce an yi son kai. Daga nan sai neman mota zuwa Zurmi, ko Ƙaura, ko a miƙa gabas zuwa Jibiya, a kan hanyar da yanzu ba mai hawanta don shan iska.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ko an kai garin, sau da yawa amsar da ake samu a shagon kwamfuta ita ce, "Sikana ta mutu." Na taɓa zama a wani shago a Ƙaura ina jiran a buga mini takarda, sai na lura da inda aka ajiye kwanon fura da buta: a kan murfin sikana ne, fes da ita in ban da ƙura. Mai shagon ya ce tun da aka kawo ta daga Kano ba ta taɓa aiki ba, da an kunna sai ta yi ƙara gar-gar-gar ta tsaya, ya riga ya yafe kuɗinsa. Wani yaro ɗan kwalejin da ke jiran layi ya nemi izini, ya sauke furar, ya kifa na'urar. A ƙasanta akwai wani ɗan maɓalli mai zanen kwaɗo biyu, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Ya tura shi da farce. Kamfani ne ke kulle kan da ke tafiya a ƙarƙashin gilashi don kada jijjigar hanya ta ɓata shi, mai saye ne zai buɗe. Mai shago ya daɗe yana kallon maɓallin nan, sannan ya ce da ma ya yi zargin haka.

Wannan mai sauƙin ke nan. Mafi yawan waɗanda aka yi wa jana'iza da ransu, direba suka rasa.

Ga masu tambayar mene ne shi: 'yar manhaja ce da ke tsakanin kwamfuta da na'ura. Ku da kuke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis kun san mai sa da mai saye ba su cika ƙulla ciniki kai tsaye ba, sai dillali ya shiga tsakani, ya kai maganar wannan ga wancan. In babu shi, ga sa a tsaye, ga kuɗi a aljihu, amma ba a sallama ba. Kuma dillalin raƙuma ba zai yi maka cinikin kaji ba: kowace na'ura da nata, kowane tsarin kwamfuta da nasa. Kwamfuta ba ta san yadda za ta ce wa fitila ta kunnu, mota ta ja kan a hankali, idon na'ura ya karanta layi bayan layi ba. Direba ne ya san wannan yaren.

Saboda kada kowane kamfani ya yi gaban kansa, a 1992 kamfanoni biyar, Aldus da Caere da Kodak da Hewlett-Packard da Logitech, suka haɗu suka fitar da ƙa'ida guda mai suna TWAIN, yadda kowace manhajar hoto za ta iya kiran kowace sikana. A shekarar 2000 Microsoft ta kawo tata hanyar, WIA, a cikin Windows Me. Shi ya sa wani lokaci za ka ga sunan na'urarka ya fito sau biyu a jerin zaɓi, ka ɗauka aljanu ne. Ba aljanu ba ne. Na WIA mai sauƙi ne, ya ishi mai takardun makaranta. Na TWAIN shi ke buɗe maka dukkan maɓallan kamfanin, da na haske da na launi da na fim. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To me ya sa namu suka fi zama marayu? Saboda 'yan gwanjo muke saye. Na'urar da wani ofis a Turai ya yar ita ce ke sauka a Ikeja, ta hau mota zuwa titin Beirut a Kano, ta ƙaraso nan ba kwali, ba faifan CD, wani lokaci ba ma wayar wuta. An ƙera ta a zamanin Windows XP, wanda Microsoft ta daina kula da shi ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ya bi sahu a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Kamfanin da ya ƙera ta ba ya samun ko kwabo in ya rubuta wa tsohuwar na'ura sabon direba. Ya fi son ka sayi sabuwa. Ga kuma maganar 32 da 64: direban da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba zai hau kan mai bit 64 ba ko za ka kwana kana danna masa, kuma kusan duk laftof ɗin yanzu mai 64 ce. Windows 11 ma ba shi da mai 32 sam.

Yanzu ga aikin, mai shago, ka matso, ka bar harara. Fara da karanta lambar na'urar a jikinta harafi da harafi, don a na'urorin Canon, LiDE 110 daban, LiDE 120 daban, ba 'yan uwa ba ne a wurin kwamfuta. Ka duba irin Windows ɗinka da bit ɗinsa. Ka sa direba tukuna kafin ka soka kebul, domin in ka riga ka soka, Windows na iya yi mata rajista a matsayin baƙuwar da ba a san asalinta ba, ta zauna a haka. In hakan ta riga ta faru, buɗe shafin da ake kira Device Manager, za ka gan ta da alamar motsin rai a cikin rawayar kusurwa uku. Cire ta daga nan, zare kebul, sa direba, sake kunna kwamfuta, sannan ka mayar. In rubutun jikin na'urar ya goge, a wannan shafin dai akwai lambar shaidarta: 04A9 na Canon ne, 04B8 na Epson, 03F0 na HP, lambar da ke biye kuma ita ce ta samfurin. Kebul ɗin ma ka dube shi. Gajere mai kauri, a soka kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin wannan 'yar mahaɗar mai baki huɗu da kake cajin wayoyin unguwa da ita ba.

Masu firinta mai aiki uku, wadda ke bugawa ta yi fotokwafi ta yi sikanin, ku ne kuka fi rantsuwa. "Wallahi tana bugawa, sikanin ne kawai ya lalace." Bai lalace ba, ranka ya daɗe. Windows ne ya sa mata ɗan guntun direba na bugu kawai ya yi shiru. Ka nemo cikakken kunshin na kamfanin. Wasu samfuran kuma in tawada ta ƙare sai su ƙi yin sikanin, alhali sikanin ba ya shan ko ɗigon tawada. Kan wannan zargin an kai Canon ƙara a New York a 2021, an kai HP a Kalifoniya a 2022. Kun ga ashe ba mu kaɗai ake yi wa ba.

Wurin sauko da direba, shafin kamfanin da ya ƙera na'urar kawai. Duk shafin da ya tare ka da babban koren maɓalli yana cewa zai gyara maka dukkan direbobinka kyauta, ka yi ta kanka, ƙwayar cuta zai zuba maka. In ka samu na gaskiya, ka adana shi a filas, ka sake adanawa a wani, ka rubuta sunan na'urar a jiki. Wanda ya ce wannan tsoro ne ya yi yawa, ba ya Zamfara a farkon Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata bayan kamar wata guda, sauran wurare suka ci gaba da jira. A irin wannan lokacin in kwamfutarka ta buƙaci a sake mata Windows, direban da ke cikin aljihunka kaɗai ne naka.

"To in kamfanin ya yi watsi da ita gaba ɗaya fa?" Madalla, yanzu ka fara tambaya irin ta masu son sani. Hanya biyu ce. Ta farko da kuɗi: wani Ba'amurke, Ed Hamrick, ya fitar da manhaja mai suna VueScan a 1998, kuma har yau sana'arsu ke nan, su binciko yaren tsofaffin na'urori su rubuta musu direba da kansu. Tana tuƙa dubban samfura a Windows da Mac da Linux. Ana iya gwada ta kyauta, sai dai za ta buga tambarinta a kan hoton har sai ka biya. Gwajin ya isa ya nuna maka ko na'urarka na da rai.

Ta biyu kyauta ce, amma tana son haƙuri. A Linux akwai tarin direbobi da ake kira SANE, wanda David Mosberger-Tang da Andy Beck suka faro a 1996, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da shi. Na ji wani daga baya yana cewa, "Wa ke Linux a Zurmi?" Kai mana. Wayar Android da kake ta ɗaga mini ɗazu a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Kuma ba sai ka goge Windows ɗinka ba, ana iya tayar da Ubuntu ko Mint daga filas a gwada a zare.

Ga yadda ake yi. Ka rubuta lsusb, ka ga ko kwamfuta ta ji an soka wani abu. Ka rubuta sane-find-scanner, ya gaya maka ko abin da aka soka sikana ce. Sannan scanimage -L, wanda shi ne alƙalin: in ya ambaci sunan na'urarka, an gama, buɗe Simple Scan ko XSane ka kama aiki. In na biyu ya gan ta na uku bai gan ta ba, to ka leƙa cikin /etc/sane.d/, ka buɗe fayil mai suna dll.conf. Jerin sunayen direbobi ne, layi bayan layi: genesys mai tuƙa LiDE 110 da 120 da 220, pixma mai tuƙa yawancin firintocin Canon masu aiki uku, epson2 na Epson, coolscan3 na injinan fim na Nikon. Duk layin da aka sa wa alamar # a gabansa a kashe yake, goge alamar ka adana. In na'urar ta amsa wa mai cikakken iko, wato in ka fara da sudo, amma ta ƙi amsa maka a matsayinka na kowa, matsalar izini ce, ka shigar da sunanka rukunin scanner ka fita ka sake shiga. Wasu na'urorin kuma ba su da ƙwaƙwalwar kansu, kullum aka kunna sai kwamfuta ta ɗura musu wani ɗan fayil. Epson Perfection 2480 misali ce: sai ka ciro esfw41.bin daga direbanta na Windows, ka nuna wa snapscan.conf inda ka ajiye shi. Yana kama da wahala a takarda. A aikace bai kai cika fom ɗin JAMB ba.

Sai babbar hujjarku, wadda kuke ɓoyewa sai an zo ƙarshe: wuta. Wai ina wutar da za a kunna sikana a Gurbin Bore? Ku zauna. Sikana iri biyu ce. Akwai siririya mai ido irin na CIS, kamar LiDE na Canon ko V39 na Epson, wadda ba ta da wayar wuta ko kaɗan. Daga kebul ɗin USB take sha, kuma abin da tsohon bakin USB ke bayarwa bai wuce wat biyu da rabi ba. Laftof ɗin da aka caja da sola ta isa ta yi wa 'yan aji guda takardunsu, NEPA ta zo ko kada ta zo. Aibinta ɗaya, ganinta gajere ne: abin da bai manne da gilashi ba sai ya fito dishi-dishi, kamar tsakiyar littafi mai kauri ko takardar da ta sha naɗi a aljihu. Ɗayar mai kauri ce, mai ido irin na CCD, tana gani da zurfi, launinta ya fi kyau, amma tana son wutar bango, kuma in za ka haɗa ta da janareta ka sa mata sitabilaiza.

Mai kaurin nan ita ce ta fim, kuma nan ne nake son Hajiya ta saurare ni, don na san abin da ke ƙasan adakarki. Kafin waya, mai hoto ne ke zuwa suna da biki da hawan salla da rakiyar alhazai, ya ɗauka da Kodak ko Agfa ko Fuji ko Konica, ya kai birni a wanke, ya dawo da ambulan. Hotunan aka manna a bango, rana da hayaƙi suka cinye su, wasu suka liƙe da gilashin firem. Siraran baƙaƙen ledojin da ke cikin ambulan ɗin, wato nagatif, aka cusa a ƙarƙashin atamfofi aka manta. Kina cewa, "Waɗannan tarkacen? Da ma zubarwa zan yi." Kada ki soma, Hajiya. Hoton bango kwafi ne, nagatif ɗin shi ne asali, kuma da yake ya kwana a duhu sau da yawa ya fi na bangon lafiya nesa ba kusa ba. Wurin wanke shi ne ya yi wuya: AgfaPhoto ta durƙushe a 2005, Konica Minolta ta bar harkar hoto a 2006, Kodak ta nemi kariyar fatara a 2012, ɗakunan wankin hoto na garuruwanmu kuma suka koma buga na waya.

Ɗan samari, kafin ka ce za ka ƙyasta shi da waya, tsaya ka ji bambancin. Takarda haske ake haska mata ya dawo. Fim kuwa sai haske ya ratsa ta cikinsa. Don haka sikanar fim tana da fitila ta biyu a cikin murfi, kamar Epson V600, ko kuma inji ne na fim zalla da ake zura masa shi ta baki, kamar Plustek OpticFilm ko tsofaffin Nikon Coolscan. In murfin naka ba shi da fitila, babu direban da zai ƙirƙiro maka ita. In yana da ita, ka zare farin allon da ke rufe da ita a cikin murfin, in samfurin mai 'yar wayar murfi ne ka tabbata a soke take, ka jera fim ɗin a cikin firem ɗinsa na roba, kada ka rufe ɗan gurbin da aka bari a saman firem ɗin, don da shi na'urar ke auna haskenta. Sannan ka shiga ta TWAIN ko manhajar kamfanin, ba ta WIA ba, ka gaya mata fim ne, kuma wane iri: nagatif mai launi, ko baƙi da fari, ko silaid.

In ka tsallake wannan zaɓin za ka sha kallo. Nagatif komai nasa a juye yake: kakanka zai fito da farar fuska tas, rawaninsa baƙi ƙirin. Mai launi kuma yana da wani rufi ruwan lemo a jikinsa, wanda in ka juya shi da hannu ba tare da an cire ba, duk 'yan biki za su koma shuɗaye. Direban ne ya san yadda ake cire shi. Sai fuskar da za ta kalli gilashi: fim yana da gefe mai sheƙi da gefe mai dushi, a Epson mai sheƙin ke kallon ƙasa, kuma an zana alamar a jikin firem. Ka kifa shi ba daidai ba, rubutun allon makaranta ya koma baibai, Alhaji kuma ya fito yana miƙa wa hakimi hannun hagu. Wannan hoton in ya shiga rukunin WhatsApp na dangi, kai da zaman lafiya sai wata shekarar.

Kada kuma ka sakar wa na'ura ragamar haske. Farar babbar riga a tsakar rana tana ruɗar ta, ta rage haske don rigar ta fito, fuskar mai rigar ta nutse. Tsohon ciwo ne a harkar: shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa ɗakunan wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne, sai a shekarun 1990 aka sa baƙar mace a ciki. Ka yi gwajin farko, ka ja ma'aunin hasken tsakiya da hannunka har fuska ta fito da kamanninta, rigar ta ji da kanta.

Ga lissafi kaɗan ga masu cewa duk sikanin ɗaya ne. Ana auna kaifin sikanin da yawan ɗigo a inci guda, dpi. Gidan fim na 35 faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. In ka yi shi a 300 kamar takarda, abin da za ka samu ɗigo 425 ne a 283, ko fuskar waya ba zai cika ba. A 2400 kuwa zai ba ka kusan 3400 a 2270, wajen ɗigo miliyan 7.7, wanda za a buga babba a rataye a zaure. Amma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga an rubuta 19200, cika baki ne, manhaja ce ke ƙirƙiro ɗigon da ido bai gani ba. Lambar da aka ce ta ainihin idon na'urar ita ce abin dubawa.

Ƙura kuwa, mu da muke shan hunturu ba sai an yi mana bayani ba. Ƙwayar da ba ka gani a kan fim, a 2400 sai ta zama dutse a goshin amarya. Akwai dabarar da ake kira Digital ICE, wadda wani kamfani na Texas, Applied Science Fiction, ya ƙirƙiro, Kodak ta saye shi a 2003. Na'urar na sake bin fim ɗin da hasken infrared, wanda ke ratsa rinin launi amma ƙura ta tare shi, sai ta gane inda dattin yake ta cike gurbin. Tana aiki sosai a fim mai launi. A tsohon baƙi da fari kuwa ka kashe ta, don hoton kansa da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, na'urar za ta ɗauka duk datti ne ta dame fuskar kowa. Wannan sai 'yar famfon iska da burushi mai laushi, a riƙe fim ta gefe. Ba a hura masa baki, ba a goge shi da gefen riga, kuma wanda ya gama cin ƙuli-ƙuli ya je ya wanke hannu. Mai sha'awar sayen tsohon Coolscan kuma ya dubi bayansa kafin ya biya: wasu da FireWire suke aiki, waɗanda suka girme su da SCSI, ramukan da laftof ɗinka ba ta da su.

Wanda har yanzu yake ganin wasan yara ne, ya tambayi mutanen Bamako. Seydou Keïta da Malick Sidibé masu hoton unguwa ne, irin namu, masu ɗaukar 'yan kwalliya da 'yan rawa. Abin da ya bambanta su shi ne sun adana nagatif ɗinsu. Daga cikinsu aka sake buga hotunan da suka zagaya duniya, har Sidibé ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Kai, hoton farko ma da aka taɓa shigarwa kwamfuta ta hanyar sikanin, a 1957 a Amurka, ba taswirar yaƙi ba ce: Russell Kirsch ne ya sa hoton jaririn ɗansa, ɗigo 176 a 176. Mu da muke da Ƙaura, garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929, da fadar Zurmi, da makaɗa irin su Kassu Zurmi, da 'yan dambe da 'yan kokawa da aka yi ta ɗauka a filin wasa, a ce babu abin da ya cancanci fitilar murfi a cikin adakokinmu?

Takardu ba su da wannan dogon zance. Shafin A4 a 300 yana ba da ɗigo 2480 a 3508, kusan megabait 26 in mai launi ne ba a matse ba. Ka yi wannan ka ajiye a matsayin uwa, TIFF ko PDF mai kyau, musamman takardar gona da ta gida da ta rabon gado, irin waɗanda in gobara ko gudun dare ya ci su sai shari'a. Daga uwar ka fitar da ƙaramin JPEG a 150 ko 200 don ɗorawa a shafukan neman aiki. Malam mai gafaka, kai kuma a hankali: warƙoƙin littattafanmu na ajami da Larabci ba a ɗinke suke ba, suna kwanciya a gilashi lafiya, amma wadda ta bushe tana karyewa kada a danne ta da murfi, gara a ɗauke ta da kyamara daga sama. Kuma a jera su yadda aka same su, kalmar da ke ƙasan kowace warƙa ita ke nuna wadda ke biye.

Saura suna. Na'ura za ta sa wa hotunanka img001, img002, har abin da ya sawwaƙa, bayan shekara biyu kai kanka ba za ka san wane ne wane ba. Ka ɗauki laftof ɗin ka kai ɗakin Hajiya, ita da ta ce tarkace ne. Za ta ce ba ta da lokaci. Ka buɗe na farko kawai. Kafin ka rubuta shekara ta karɓe kujerar, ta aika a kira mata ƙanwarta, tana gyara maka: wannan ba sunan Sani ba ne, na Lawali ne, ba ka ga ragon ba? Wannan ta gefen kuma ba Inna ba ce, kishiyarta ce, kuma wa ya ce ka fito da ita da kyau haka?